Darasi na 11: Ɗakin Gwajin da Ake Ginawa da Safe, a Rushe da Yamma

Ranar 1 ga Agustan 2012, da ƙarfe tara da rabi na safe, aka buɗe kasuwar hannun jari ta New York kamar kullum. Kafin ƙarfe goma da kwata, wani kamfanin dillancin hannun jari mai suna Knight Capital ya tafka asarar sama da dala miliyan 440. Ba ɓarayi suka shiga ba, ba kuma gobara aka yi ba. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci takwas, irin waɗanda ake kira saba, masu aika odar saye da sayarwa zuwa kasuwa. 'Yan kwanaki kafin nan wani ma'aikaci ya bi su yana ɗora musu sabuwar manhaja. Ya ɗora wa bakwai, ta takwas ta kuɓuce masa, kuma ba a sa kowa ya bi bayansa ya duba ba. A cikin ta takwas ɗin akwai wani tsohon rubutu da aka daina amfani da shi tun 2003, sai dai ba a goge shi ba. Ana buɗe kasuwa ya farka, ya yi ta zuba oda ba ƙaƙƙautawa, har aka ƙulla ciniki kimanin miliyan huɗu cikin minti 45. Kamfanin bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba, ƙarshenta aka haɗe shi da wani mai suna Getco.

Sabobi takwas da ya kamata su zama iri ɗaya sak, ɗaya ta fita daban, kuma ba wanda ya sani. Duk inda ake saita na'urori da hannu wannan ciwon yana nan. Inda ya fi yin katutu kuwa shi ne wurin da jama'a ba sa gani, wato wurin da masu rubuta manhaja ke gwada aikinsu kafin su sake shi. Wannan darasi zai duba yadda a yau ake sa na'ura ta gina irin wannan wuri da kanta a duk lokacin da aka buƙace shi, da kuma yadda take kawar da shi idan an gama.

Mene ne ɗakin gwaji?

Manhajar banki da ke cikin wayar mutum ɓangare ne kaɗan na abin da ke aiki. A bayanta akwai sabar da ke karɓar umarni, da rumbun bayanai mai riƙe da lissafin kowa, da wata manhaja mai tura saƙon tes, da wata mai magana da sauran bankuna. Idan mai rubuta manhaja ya sauya layi goma a ɗaya daga cikinsu, ba zai gwada a kan kuɗin mutane ba. Yana buƙatar kwafin wannan tsari gaba ɗaya, mai kama da na gaskiya, wanda ko ya fashe ba wanda zai yi kuka. Wannan kwafi shi ne ɗakin gwaji. Ba lallai ne ya kasance ɗaki mai ƙofa da taga ba, tarin kwamfutoci ne da saitinsu.

A da, samun irinsa wahala ne. Sai a rubuta takardar neman sayen saba, a jira amincewar shugaban sashe, a jira mai kawo kaya, sannan injiniya ya zauna ya ɗora babbar manhaja ya saita komai. Makonni ne ke tafiya, wani lokaci watanni. Saboda haka kamfani kan mallaki ɗakin gwaji ɗaya ko biyu, kowa na rububinsa. Wannan yana cikin gwaji, wancan ya zo ya ɗora nasa gyaran ya ɓata masa sakamako. Wani ya taɓa wani saiti don ya warware matsalar ranar Talata, ya manta bai rubuta ba. Bayan shekara biyu ba mai iya faɗin abin da ke cikin na'urar, kowa kuma yana tsoron taɓa ta.

Daga nan ne aka samu jimlar da duk wanda ya zauna da masu wannan sana'a ya taɓa ji: "Ai a kwamfutata yana aiki." Mai faɗinta ba ƙarya yake yi ba. A kwamfutarsa yana aiki ɗin, domin tasa tana ɗauke da wata fitowar manhaja daban da wadda ke ɗakin gwaji, ita ma ta ɗakin gwajin daban take da wadda jama'a ke amfani da ita.

Haya maimakon saye

Abubuwa biyu suka buɗe ƙofa. Na farko shi ne dabarar raba kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ta zama kwamfutoci da yawa na kwaikwayo, kowacce tana aiki kamar ita kaɗai ce a wurin. IBM ta fara wannan tun shekarun 1960 a kan manya-manyan injunanta. VMware, wanda aka kafa a 1998, ya kawo dabarar kan kwamfutoci na yau da kullum, sannan a 2003 masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka fito da Xen, wanda kowa zai iya ɗauka kyauta.

Na biyu shi ne haya. A watan Agustan 2006 Amazon ya fara gwajin wata hidima mai suna EC2, wadda akasarin aikin gina ta wata tawagar injiniyoyi ce ta yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Mutum zai hayi kwamfutar kwaikwayo a cibiyar bayanan Amazon a kan santi goma na dala kowace awa, ya mayar da ita lokacin da ya ga dama. Abin da ake kira gajimare ke nan: kwamfutocin wani, a ginin wani, ana isa gare su ta intanet, ana biya gwargwadon amfani. Microsoft da Google suka biyo baya da nasu. A watan Oktoban 2017 Amazon ya koma lissafin wasu na'urorinsa da daƙiƙa.

Wanda ya taɓa shirya biki ya san tsarin. Ba a sayen rumfa da kujeru ɗari biyar saboda walimar yini ɗaya. Ana kiran mai haya ya kafa da safe, ya kwashe da daddare, idan kuma aka bar kayan suka kwana uku a ƙofar gida, kuɗin kwana uku za a biya ko da ba wanda ya zauna a kai.

Sai dai muhimmin abu a hidimar ba arha ba ne kawai. Ana iya yin odar kwamfutar ba tare da an yi magana da ɗan Adam ba. Wata manhaja ce za ta aika saƙo, cikin 'yan mintoci kwamfuta ta tashi. Duk abin da manhaja za ta iya odarsa kuwa, ana iya rubuta shi a ajiye, a maimaita shi gobe.

Ɗaki a rubuce

Nan ne zuciyar darasin. Maimakon injiniya ya shiga shafin kamfanin gajimare yana danne-danne, sai ya zauna ya rubuta fayil da ke bayyana ɗakin da yake so: saba biyu masu girma kaza, rumbun bayanai na PostgreSQL fitowa ta kaza, hanyar sadarwa ta cikin gida da ba ta buɗe wa duniya ba, ƙofa ɗaya tak da aka yarda a shigo ta cikinta. Wata manhaja za ta karanta fayil ɗin ta gina abin da aka rubuta. Idan aka ce ta gina ɗaki hamsin daga fayil ɗin, hamsin za ta gina, kuma ba wanda zai fita daban.

Kayan wannan aiki sun taru a hankali. Mark Burgess ya rubuta CFEngine a 1993, Luke Kanies ya fito da Puppet a 2005, Michael DeHaan ya kawo Ansible a 2012. Waɗannan sun fi mayar da hankali ne ga saita cikin na'urar da ta riga ta tashi. Amazon ya ƙaddamar da CloudFormation a 2011 don gina na'urorin su kansu. A 2014 kamfanin HashiCorp na Mitchell Hashimoto da Armon Dadgar ya saki Terraform, wanda ke iya magana da Amazon da Microsoft da Google da wasu da dama.

Terraform ya cancanci a tsaya a kansa, domin umarninsa uku sun nuna yadda tunanin yake. Idan aka ba shi umarnin plan, ba ya taɓa komai. Yana kwatanta abin da aka rubuta da abin da ke akwai, sai ya jero wa mutum cewa zai ƙara abu kaza, ya sauya kaza, ya rushe kaza. Mutum ya karanta, ya gamsu, sai ya ba da umarnin apply a yi ginin. Na ukun shi ne destroy, wanda ke bin duk abin da aka gina ya kwashe shi. Don ya iya haka, yana riƙe da wani fayil da ke tuna masa abin da ya gina da inda yake. Wannan fayil abin tattali ne. Idan ya ɓace, na'urorin suna nan suna cin kuɗi, amma Terraform bai san nasa ba ne.

A gefe guda kuma akwai kwantena. A watan Maris na 2013 Solomon Hykes ya nuna Docker a wani taron masu amfani da harshen Python a Santa Clara ta jihar Kalifoniya. Kwantena tana ƙunshe manhaja tare da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, a dunƙule guda. Ta fi kwamfutar kwaikwayo sauƙi, tana tashi cikin daƙiƙoƙi, kuma wadda aka gwada ita ce dai za a kai gaban jama'a ba tare da an sake haɗa ta ba. Da kwantenoni suka yi yawa sai aka buƙaci mai kiwonsu, shi ne Google ya saki Kubernetes a 2014.

Akwai wata riba da ba a cika ambata ba. Fayil ɗin da ke bayyana ɗakin ana ajiye shi a Git, rumbun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don bin diddigin sauye-sauyen rubutun manhaja. Ke nan duk wanda ya sauya saitin ɗaki, sunansa da ranar da dalilinsa suna rubuce, kuma ana iya tsara cewa sai abokin aiki ya karanta ya amince kafin sauyin ya shiga. Ido na biyun da Knight Capital ya rasa, a nan tsarin ne ke tilasta shi.

Daga tura gyara zuwa buɗe adireshi

A ɗauka wata mai rubuta manhaja ce a wani kamfanin biyan kuɗi ta waya. An ba ta aikin gyara shafin da ke nuna wa mai shago cinikinsa na yini. Ta yanki reshe nata daga ainihin rubutun, ta yi gyaranta, da hantsi ta tura shi Git ta nemi a duba a haɗe.

Daga wannan turawar ba ta sake taɓa komai ba. Wata manhaja mai jiran irin wannan motsi, kamar Jenkins ko GitHub Actions ko ta GitLab, ta ga an turo. Ta ɗauko rubutun ta gudanar da ƙananan gwaje-gwaje masu sauri, idan sun faɗi a nan zance ya ƙare, ba a kashe ko sisi a kan gini ba. Idan sun wuce, ta dunƙule manhajar cikin kwantena. Sannan ta kira Terraform, ko ta ce wa Kubernetes ya keɓe wani lungu, aka tayar da saba da rumbun bayanai. Aka zuba wa rumbun shaguna da cinikin ƙarya. Aka manna wa kowace na'ura alama: mai ita wance, reshe kaza, a rushe bayan awa kaza. Kafin shayinta ya huce, saƙo ya faɗo a ƙarƙashin buƙatarta ɗauke da adireshin intanet na ɗakinta ita kaɗai.

Ta aika adireshin ga mai gwaji da kuma jami'in da ya nemi gyaran. Jami'in bai san komai game da rubutun manhaja ba, amma ya san abin da masu shaguna ke ƙorafi a kai. Ya buɗe a wayarsa, ya ce jimillar tana fita daga gefen allo idan ciniki ya kai miliyan. Ta gyara, ta sake turawa, ɗakin ya sabunta kansa. A daidai wannan lokacin abokan aikinta shida kowa na cikin nasa ɗakin, ba wanda ya taka ƙafar wani. Da la'asar aka amince, aka haɗe reshen, manhajar da ta yi ginin ta ba da umarnin rushewa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Heroku yana sayar da irin wannan hidima da sunan Review Apps, GitLab ma yana da tasa mai wannan suna, Netlify da Vercel kuma suna yi wa shafukan intanet haka a kan kowane gyara. Microsoft ya fito da Azure DevTest Labs a 2016, inda shugaban tawaga ke shirya samfuran na'urori, ya ƙayyade yawan da kowane ma'aikaci zai iya ɗauka da lokacin da za su kashe kansu, ma'aikaci kuma ya shiga ya zaɓa ba sai ya roƙi kowa ba.

Wanda ya gina, ya rushe

Tawagogi da yawa suna ƙwarewa a ginin, su bar rushewa ga "wanda ya tuna". Ba wanda ke tunawa. A ra'ayin wannan darasi, tsarin da ke gini da kansa amma yake jiran mutum ya zo ya rushe bai kammalu ba, kuma zai iya fin tsohon tsarin ɓarna, domin yanzu kowa na iya tayar da na'ura goma kafin azahar.

Lissafin mai sauƙi ne. Mako yana da awa 168. Ma'aikacin da ke aiki awa tara a yini, kwana biyar, awa 45 yake buƙatar ɗakinsa. A ɗauka ɗakin yana cin dala biyu a awa. Idan aka bar shi a kunne dare da rana, Asabar da Lahadi, dala 336 ke nan a mako. Idan yana tashi da zuwan mai shi ya kwanta da tafiyarsa, dala 90. Bambancin dala 246 ne a ɗaki ɗaya, an biya su ne don na'ura ta kwana tana jiran wanda ke barci.

Kashe na'ura ma bai isa ba. Faifan ajiyar da ke manne da ita ana ci gaba da cajinsa ko tana kashe. Haka kwafin rumbun bayanai da aka ɗauka aka manta. Tun daga 1 ga Fabrairun 2024 Amazon yana cajin rabin santi a awa kan kowane adireshin IPv4 na fili, ko ana amfani da shi ko ba a yi. Ƙananan kuɗaɗe ne, amma su ne ke taruwa a ƙasan takardar bashi ba wanda ya san na waye.

Shi ya sa alamar nan da aka manna wa kowace na'ura take da nauyi. Netflix, wanda ya kwashe shekaru daga 2008 zuwa farkon 2016 yana ƙaura zuwa gajimaren Amazon, ya rubuta wata manhaja mai suna Janitor Monkey, ya kuma sake ta ga jama'a a 2013. Aikinta shara. Tana zagayawa tana neman abin da ba a amfani da shi, ta yi masa shaida, ta aika wa mai shi sanarwa cewa ranar kaza za a share, idan bai ce uffan ba ta share. Bankin Capital One na Amurka ya saki tasa, Cloud Custodian, a 2016. Hikimar duka biyun ita ce an juya nauyin: wanda ke son ɗakinsa ya daɗe shi zai zo ya nemi ƙari.

Da yake ɗakin gwaji abin yarwa ne, ana iya gina shi a kan na'urorin rara da kamfanonin gajimare ke bayarwa da rahusa. Amazon ya fara sayar da irinsu a 2009, rangwamen na iya kaiwa kashi 90 cikin ɗari, da sharaɗin zai iya karɓe abinsa bayan gargaɗin minti biyu. Ga manhajar da jama'a ke amfani da ita wannan kasada ce. Ga ɗakin da za a iya sake ginawa daga fayil, ciniki ne mai kyau.

Bayanai da makullai

Tayar da saba abu ne mai sauƙi yanzu. Abin da za a zuba a cikinta shi ne ke hana injiniyoyi barci. Ɗakin da rumbunsa ke da mutum goma na ƙarya ba zai nuna matsalar da ke fitowa idan mutane sun kai miliyan ba. Sai zuciya ta raya wa mutum ya kwafo ainihin rumbun kamfanin kawai. A cikinsa kuwa akwai sunayen mutane, lambobin waya, lambar BVN, da tarihin kuɗinsu, za a baza su a ɗakuna hamsin da tsaronsu bai kai na ainihin wurin ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018, da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ba su yafe wa kowa don ya ce gwaji yake yi ba. Bayanan mutum bayanansa ne a duk inda aka ajiye su.

Mafita biyu aka fi bi. Ko dai a ƙirƙiro bayanan ƙarya masu siffar na gaskiya, ko a kwafo na gaskiyar a bi ta kansu da manhajar da ke musanya suna da lamba da adireshi kafin su bar inda suke. Kowace hanya aka bi, dole ita ma ta zama rubutacciya cikin tsarin, ba alfarmar da wani zai riƙa yi idan ya samu sarari ba.

Labarin GitLab na ranar 31 ga Janairun 2017 ya nuna fuskoki biyu na wannan batu. Wani injiniya da dare ya yi masa a bakin aiki ya goge babban fayil ɗin rumbun bayanai, yana zaton a kan saba ta biyu yake, ashe ta farko ce. Kafin ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar ba ya nan. Manhajar da ke ɗaukar kwafin ta fitowar PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6 ne, ta jima tana faɗuwa shiru, saƙonnin gargaɗinta ma ba sa isa ga kowa. Abin da ya ceci kamfanin shi ne wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin haɗarin, don a zuba a ɗakin gwaji. Da shi aka farfaɗo, aka yi asarar aikin waɗannan awoyi, kuma maidowar ta ci kusan awa 18 saboda faifan ɗakin gwajin ba mai sauri ba ne. GitLab ya yi aikin a bainar jama'a, har yana watsa shi kai tsaye a YouTube, ya kuma wallafa cikakken bayanin abin da ya faru.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada maido shi ba, ba a san ko yana nan ba. Ɗakin gwaji mai ginuwa da kansa ya dace da wannan aiki ƙwarai: kowane dare a tayar da ɗaki, a maido kwafin jiya a cikinsa, a ƙirga a ga ya cika, a rushe.

Sai makullai. Manhajar da ke gina ɗakuna tana riƙe da ikon tayarwa da rushewa a asusun kamfani, kuma wanda ya sace wannan iko ya samu gida da mabuɗi. A 2016 wasu suka shiga wani rumbun rubutu na injiniyoyin Uber a GitHub, suka tsinci makullin gajimaren Amazon a rubuce a ciki, suka kwashi bayanan fasinjoji da direbobi miliyan 57. Kamfanin ya ɓoye zancen har zuwa Nuwamban 2017, daga baya ya biya dala miliyan 148 a sasantawarsa da jihohin Amurka. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada kalmar sirri ta kwana a cikin fayil ɗin manhaja. Ana ajiye ta a taska ta musamman, a ba na'ura makulli mai mutuwa bayan ɗan lokaci. Ana kuma raba asusun gwaji da asusun ainihin aiki gaba ɗaya, yadda umarnin rushewa da aka bayar bisa kuskure ba zai iya tsallakawa ba.

Iyakar abin

Ɗakin gwaji kwafi ne, kuma kwafi ba ya cika. Ba zai nuna yadda manhaja za ta yi ranar biyan albashi, sa'ad da kowa ya danna a lokaci guda, ba sai an kashe kuɗi an gina shi da girman na gaskiya. Hidimomin waje, kamar na wani banki ko kamfanin sadarwa, galibi kwaikwayonsu ake sakawa, kuma kwaikwayo ba ya yin jinkiri da tsautsayin da na gaskiya ke yi. Don haka ƙwararru ba sa sakin sabon gyara ga kowa lokaci ɗaya ko da ya ci duk gwaje-gwaje. Sukan fara da ɗan kaso kaɗan su ga abin da zai faru. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabon gyara na kamfanin tsaro CrowdStrike ya tafi ga kowa baki ɗaya, ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda.

Kayan aikin ma suna da masu su. A watan Agustan 2023 HashiCorp ya sauya lasisin Terraform zuwa mai tsauri, wasu kamfanoni da masu sa kai suka ɗauki tsohon rubutun suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. A 2024 IBM ta sanar da sayen HashiCorp a kan dala biliyan 6.4. Tawagar da ta rubuta ɗakunanta da wani kayan aiki ta ɗaura kanta da makomarsa, ya kamata ta san haka tun farko.

Ga mai rubuta manhaja a Kano ko Kaduna, batun rushewa ya fi zafi. Farashin manyan kamfanonin gajimare da dala aka yanka shi. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala a hukumance tana wajen naira 460, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗakin da aka manta a kunne ya ninka tsada fiye da sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Nisa ma yana shiga lissafi: Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe ta Cape Town a 2020, Google ta Johannesburg a 2024, kuma farashi kan bambanta daga yanki zuwa yanki. Ɗakin gwajin da ba ya ɗauke da bayanan mutane na gaskiya ana iya gina shi a yankin da ya fi arha. Ƙaramar tawaga ma ba sai ta fara da gajimare ba. Docker da fayil ɗaya na Docker Compose suna tayar da saba da rumbun bayanai a kan laftof ba tare da an biya kowa ba, kuma da zarar an sauke kwantenonin sau ɗaya, yawancin aikin ba ya buƙatar data.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu gida uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi wata manhaja da ya sani, kamar ta rajistar ɗalibai ko ta lissafin kantin magani, ya rubuta a takarda da Hausa duk abin da ɗakin gwajinta ke buƙata: saba nawa, wane rumbun bayanai, wa aka yarda ya shiga, waɗanne bayanai za a zuba kuma daga ina, sannan ƙarfe nawa za a rushe. Sai a yi musanyar takardu. Rukunin da ya karɓa ya karanta kamar shi ne na'urar, wato ba zai yi zato ko ya cike giɓi da kansa ba, ya ja layi a duk inda bayanin bai isa a yi gini ba.

Bayan haka kowa ya lissafa shi kaɗai: tawaga mai mutum takwas, kowa da ɗakinsa mai cin dala ɗaya da rabi a awa, nawa za ta biya cikin mako huɗu idan ɗakunan suna kunne kullum, nawa kuma idan awa 45 kawai suke aiki a mako? A juya amsoshin biyu zuwa naira ko sefa da canjin ranar, a kawo su darasi na gaba tare da takardun da aka ja wa layi.